A Ɗaure Dami, A Sheƙe Ƙaiƙayi: Shawara Ga Masu Gina Shafin Intanet

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda a ido ƙarama ce, amma kullum tana cin kuɗin mutanenmu ba su sani ba. Maganar kuwa ita ce nauyin shafin intanet. Na san wani zai yi dariya ya ce, kai yaro, abin da ba a taɓa shi da hannu ina ya ga nauyi? To, yana da shi. Da kilobayit da megabayit ake auna shi, kamar yadda ake auna hatsi da mudu da tiya. Duk wanda ya buɗe shafi a wayarsa, wayar ce ke ɗaukar wannan kaya, shi kuma ya biya kuɗin dako daga cikin datarsa.

Ra'ayina shi ne, duk wanda zai gina shafi mai sauƙi domin mutane irin namu na ƙasar Mai'adua, wajibi ne ya rage masa nauyi kafin ya sake shi. Wanda ya ƙi yin haka ya ci haƙƙin mai karatu, ko da kuwa shafin ya fi kowane kyau. Hanyar ragewar ba ta da wuya, kuma ba a biyan ko kwabo. Akwai hanyoyi biyu da suka shahara, waɗanda ni nake kira ɗaurin dami da shiƙa. Zan bayyana su, in faɗi inda suke da amfani, in kuma faɗi inda ya kamata a yi hattara da su.

Da farko mu dubi inda muke zaune. Mai'adua tana ƙasar Daura, a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Ranar Lahadi kasuwa ke ci, mutane su zo daga Daura da Katsina da Kano, wasu su ƙetaro daga ƙasar Damagaram, manyan motoci su yi lodin dabbobi zuwa kudu. Kusan kowane ɗan kasuwa akwai waya a aljihunsa. Amma fa ba kowa ke riƙe da babbar waya ba. Yawanci ƙananan Tecno ne da itel da ire-irensu, kuma data ta kwana ɗaya ko ta mako ake saye, gwargwadon abin da aljihu ya bayar. A cikin gari sabis yakan yi ƙarfi, amma in ka nufi ƙauyuka sai ka ga yana zuwa yana ɗaukewa. A wajen Kwangwalam kuwa, wani lokaci waya takan bar layin gida ta kama na Nijar. Bugu da ƙari, a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka kowane megabayit a wurinmu kuɗi ne da aka yi gumi kafin a samu.

To, mene ne shafin intanet, kuma daga ina nauyin yake zuwa? Shafi tarin fayiloli ne da ke ajiye a wata kwamfuta mai nisa da ake kira saba. Manhajar da ke wayarka mai buɗe shafi, irin su Chrome da Opera, ita ake kira burauza, kuma aikinta shi ne ta je ta ɗauko fayilolin nan ta jera maka su. Fayilolin iri uku ne manya. Na farko HTML, shi ne ke ɗauke da ainihin rubutun. Na biyu CSS, shi ne mai ado, shi ke cewa kanun labari ya zama kore, rubutu ya zama babba ko ƙarami. Na uku JavaScript, shi ne mai motsi, shi ke sa in ka taɓa wani wuri jerin sunaye ya buɗe. Sai kuma hotuna. Shafin da nake magana a kansa shi ne tsayayye, watau wanda abin da aka rubuta a ciki shi kowa zai gani, kamar allon sanarwa na makaranta. Misalinsa shafin da ke faɗin ranar komawa makaranta, ko jerin kayan da sabon ɗalibi zai zo da su, ko lambar wayar wani shago da farashin kayansa.

Shafi na farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya buɗe wa jama'a a 1991 daga cibiyar bincike ta CERN da ke wajen Janeba a ƙasar Suwizalan, rubutu ne zalla da mahaɗai. JavaScript ya zo a 1995, Brendan Eich ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape. CSS kuma aka tabbatar da ƙa'idarsa ta farko a ƙarshen 1996. Daga nan shafuka suka yi ta ƙiba. Masu aikin HTTP Archive, waɗanda ke auna miliyoyin shafuka, sun nuna cewa a 2024 matsakaicin shafi a waya ya haura megabayit 2. Domin ku gane girman wannan, duk rubutun nan nawa daga farko har ƙarshe bai kai kilobayit 20 ba, megabayit 2 kuwa wajen kilobayit 2,000 ne. Ke nan a nauyin shafi ɗaya ana iya aiko maka da irin wannan rubutu fiye da ɗari.

A wani hutu, wani dattijo maƙwabcinmu ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, duba mini ranar da za a koma makarantar su ƙanwarka, an ce sun sa a intanet." Na ce, "To, Baba." Na buɗe shafin, fuskar waya ta yi fari fat, muka zauna muna kallonta. Can sai wani hoto ya fara saukowa a hankali, sa'an nan saƙo ya shigo cewa data ta ƙare. Abin da Baba yake nema layi biyu ne ko uku, bai kai kilobayit ɗaya ba. Washegari sai da ya biya ɗan acaba ya kai shi makarantar ya tambaya da baki. Wanda ya gina shafin nan na tabbata bai nufi kowa da sharri ba. Ya gwada ne a kwamfutarsa inda sabis ke da ƙarfi, ya ga ya buɗe nan take, ya ce aiki ya yi kyau. Amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Me ya sa fuskar wayar ta yi fari? Dalilin shi ne, burauza ba ta nuna komai sai ta gama ɗauko fayilolin CSS da aka ambata a saman shafi, don kada ta nuna abu sa'an nan ta sake masa kama. Haka kuma in ta ci karo da fayil na JavaScript a hanya, takan tsaya cak sai ta ɗauko shi ta aiwatar da shi kafin ta ci gaba da karanta sauran shafin. Rubutun yana nan ya iso, amma an tsare shi a bakin ƙofa ana jiran kayan ado.

Yanzu sai mu zo kan ɗaurin dami. Kowane fayil da burauza za ta ɗauko, sai ta aika tambaya zuwa saba, ta jira amsa ta dawo. Kamar a ce an aike ka kasuwa ka sayo gishiri, ka dawo a ce koma ka sayo daddawa, ka dawo a ce koma ka sayo barkono. Kayan ba su da nauyi, zirga-zirgar ce ke cin lokaci. A tsohuwar ƙa'idar sadarwa ta HTTP/1.1, wadda ta fito a 1997, yawancin burauza ba su buɗe hanya fiye da 6 a lokaci guda zuwa saba ɗaya. In shafi yana da ƙananan fayiloli 30, sahu 5 ke nan. A ce kowane sahu yana cin rabin daƙiƙa saboda raunin sabis, an ɓatar da daƙiƙa biyu da rabi a zuwa da dawowa kawai, ban da lokacin sauke kayan. Maganin da aka samo shi ne a haɗe fayilolin CSS duka su zama guda ɗaya, na JavaScript ma haka. Manomi ba ya ɗaukar zangarniyar gero ɗaya-ɗaya daga gona zuwa gida, ɗaure su yake yi dami ya aza a amalanke. A 2007 wani injiniya mai suna Steve Souders, wanda a lokacin yake aiki a Yahoo, ya fitar da littafi mai ƙa'idoji 14 na sa shafi sauri, kuma ƙa'idar da ya sa a gaba ita ce a rage yawan aiken nan.

Sai shiƙa. Mai rubuta CSS ko JavaScript yakan bar fili tsakanin layuka, ya matsar da wasu layuka ciki, ya rubuta bayani a gefe don ya tuna abin da yake nufi, ya kuma ba abubuwa dogayen sunaye masu ma'ana. Duk wannan domin idon ɗan Adam ne. Burauza ba ta bukatar ko ɗaya, a wurinta ƙaiƙayi ne. Akwai ƙananan manhajoji da ke bin fayil su fitar da wannan ƙaiƙayi su bar tsaba. Suna share filaye da bayanan gefe. Launin fari da aka rubuta #ffffff su mai da shi #fff. Sunan da ka sa wa wani abu a cikin aikinka, kamar jimlarDalibai, su mai da shi harafi ɗaya, a ce a. Aikin da fayil yake yi bai canza ba, jikinsa ne kawai ya ragu. Douglas Crockford ya fitar da irin wannan manhaja mai suna JSMin tun 2001, daga baya wasu suka biyo, irin su YUI Compressor da Closure Compiler da Terser. In ka ga fayil da aka saka kalmar min a sunansa, to sheƙaƙƙe ne.

Ga misali na zahiri wanda kowa zai iya dubawa. Akwai wani sanannen kundin JavaScript mai suna jQuery da shafuka masu ɗimbin yawa ke amfani da shi. Fitowarsa ta 3.7.1, yadda aka rubuta ta, wajen kilobayit 280 ce. Bayan an sheƙe ta sai ta koma wajen 85. In kuma saba ta matse ta kafin ta aiko, sai ta sauka zuwa wajen 30. Wannan matsewa mataki ne dabam da shiƙa, ana yin ta da gzip, wanda yake nan tun 1992, ko da Brotli na kamfanin Google. Ita kamar kauɗa ce. An busar da tumatir ya yi sauƙin ɗauka, in ya isa gida a jiƙa shi a yi miya. Saba ta matse, burauza ta warware. Daga 280 zuwa 30, kusan kashi tara cikin goma na nauyin ya tafi, kuma babu abin da mai karatu ya rasa.

Mu yi ɗan lissafi irin na aji. A ce sabis yana sauke kilobayit 50 a daƙiƙa ɗaya. Shafi mai kilobayit 2,000 zai ci daƙiƙa 40, mai kilobayit 100 kuwa daƙiƙa 2. A ce kuma iyaye 1,000 ne za su buɗe shafin sanarwa sau ɗaya-ɗaya. Na farko zai cinye musu gigabayit 2 a haɗe, na biyu megabayit 100. Ninki ashirin ke nan. Mai gina shafi aikin minti goma ya ƙi yi, mutum dubu suka biya masa. Akwai ma wani abin lura. A yadda yawancin sabobi ke aiki, kashin farko na kayan da suke turowa kafin su jira amsa wajen kilobayit 14 ne. Shafin sanarwa da aka gina da hankali, rubutunsa da adonsa suna iya shiga cikin wannan kashin farko, su iso a tafiya ɗaya.

Kada kuma a manta da ita kanta wayar. JavaScript ya fi hoto wahalar da waya, domin hoto nuna shi kawai za a yi, shi kuwa sai an karanta shi an aiwatar. Abin da babbar waya za ta gama cikin ƙiftawar ido, ƙaramar waya sai ta yi zafi tana fama, batir yana sauka. A garin da wuta ba ta tsayawa, mutum ya kai wayarsa wurin mai caji ya biya, wannan ma wani kuɗin ne.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙarfi. Bari in kawo su ɗaya bayan ɗaya.

Wasu na cewa, ai zamani ya ci gaba, an fara 5G a Nijeriya tun 2022, ba da daɗewa ba kowa zai sami sabis mai gudu, don haka wannan wahala ce ta banza. Amsata ita ce, tun 2001 aka fara wayar salula ta GSM a ƙasar nan, iyayenmu sun shaida, amma har yau akwai ƙauyukan da sai an nemi tudu kafin a sami sabis. Kuma ko sabis ya yi gudu, data ba ta zama kyauta ba. Hasali ma sabis mai gudu ya fi saurin cinye ta. Manyan kamfanoni sun san haka. Shi ya sa Opera Mini, wadda ke matse shafi a sabobinta kafin ta aiko, ta sami karɓuwa ƙwarai a Nijeriya, shi ya sa kuma aka fitar da Facebook Lite a 2015 domin ƙananan wayoyi da sabis mai rauni. In masu biliyoyi sun sunkuya sun rage nauyi domin mu, mu 'yan gida me zai hana mu?

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi. Masu ita na cewa, a 2015 an fitar da sabuwar ƙa'ida ta HTTP/2, wadda ke ba burauza damar ɗauko fayiloli da yawa a lokaci guda ta hanya ɗaya, saboda haka ɗaurin dami ya zama tsohon yayi. Akwai gaskiya a nan, kuma in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Har ma akwai inda babban dami ke cutarwa. Burauza takan ajiye fayil da ta taɓa ɗaukowa, don in ka dawo shafin gobe ba sai ta sake saukewa ba. To, in ka haɗe komai wuri ɗaya sa'an nan ka gyara layi guda, dole kowa ya sake sauke damin gaba ɗaya. Haka kuma in shafukanka biyar ne, ka cusa kayan dukkansu a dami ɗaya, wanda ya zo karanta shafi ɗaya ka ɗora masa kayan huɗun da bai nema ba. Duk da haka ban yarda a ce an daina ɗauri ba. Fayil babba ɗaya ya fi matsuwa a hannun gzip a kan ƙanana ashirin, kuma in wani fayil yana kiran wani, shi ma yana kiran wani, burauza ba za ta san da na ƙarshe ba sai ta buɗe na gabansa, zirga-zirga ta dawo ke nan. Abin da nake gani shi ne a ɗaure daidai wa daida. Ga shafi mai sauƙi, fayil ɗaya na CSS da ɗaya na JavaScript sun isa. In akwai kundin aro wanda ba ya canzawa, a bar shi dabam da abin da kai ka rubuta kake yawan gyarawa. Shiƙa da matsewa kuwa, HTTP/2 bai rage musu amfani ko kaɗan ba.

Hujja ta uku ta shafe mu ɗalibai. Ana cewa fayil da aka sheƙe ba ya karantuwa, layi ɗaya ne dogo kamar igiya, in kuskure ya faru ba a gane inda yake, kuma mai koyo ba zai iya duba aikin wani ya ƙaru ba. Haka ne. Amma manomi mai hankali ba ya sussuke hatsinsa duka, yakan ware zangarniyar iri ya adana a rumbu. Ka riƙe asalin fayilolinka da bayanansu, a kansu za ka riƙa gyara, sheƙaƙƙen shi ne kawai za ka ɗora a saba. Kada ka taɓa gyara sheƙaƙƙe da hannu, kuma kada ka yar da na asali. In kana son wasu su koya daga aikinka, ka ajiye musu na asalin a inda za su samu.

Hujja ta huɗu ita ce kayan aikin kansu suna da wuyar sha'ani. Gaskiya ne manhaja irin webpack an yi ta ne domin manyan ayyuka, kuma girka ta yakan jawo ɗaruruwan ƙananan kundaye, wanda shi kansa cin data ne. Dogaro da kayan mutane da yawa yana da haɗari. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye wani ɗan kundinsa mai layi 11 kacal, mai suna left-pad, daga rumbun npm, nan take ayyuka masu yawa a duniya suka tsaya, har da na manyan kamfanoni. Amma ba a ce sai ka hau tirela za ka kai buhu ɗaya kasuwa ba. Akwai esbuild, wanda Evan Wallace ya fitar a 2020, ƙarami ne kuma da layi ɗaya yake yin ɗauri da shiƙa tare. Ka rubuta esbuild aiki.js --bundle --minify --outfile=dami.js, shi ke nan. Yana yi wa CSS ma haka.

Akwai abin da ya fi dami da shiƙa muhimmanci, kuma shi ne ya kamata a fara da shi. Ka tambayi kanka, wannan kayan ma ina bukatarsa? Da yawa daga cikin masu koyo, da zarar sun fara shafi sai su jawo Bootstrap, wanda CSS ɗinsa ko bayan shiƙa ya haura kilobayit 200, alhali abin da za su yi amfani da shi a ciki bai taka kara ya karya ba. Su jawo jQuery domin maɓalli ɗaya. Su jawo salon haruffa daga waje, wanda ban da nauyi wani lokaci ma ba ya da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga rubutun Hausa ya fito da gurgun harafi a tsakiya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Shafin sanarwa layi hamsin na CSS da ka rubuta da hannunka sun ishe shi, kuma sau da yawa ba ya bukatar JavaScript ko kaɗan. Fayil da ba ka aika ba ya fi kowane sheƙaƙƙen fayil sauƙi. Haka nan hotuna, domin a shafuka da yawa su ne suka fi komai nauyi. Wanda ya sheƙe CSS ya rage kilobayit 10, sa'an nan ya ɗora hoton ƙofar makaranta mai megabayit 3 yadda ya fito daga kyamara, ya yi aikin baban giwa.

Saboda haka ga tsarin da nake ba da shawara a bi. Da fari a zubar da abin da ba a bukata, a rage girman hotuna. Na biyu a sheƙe abin da ya saura. Na uku a tabbata saba tana matsewa da gzip ko Brotli. Na huɗu a ɗaure daidai, kuma wajen haɗe fayilolin CSS a kiyaye jerinsu, domin in dokoki biyu masu ƙarfi ɗaya suka yi karo, ta ƙarshe ce ke rinjaye, in ka juya jeri sai ado ya rikice. Na biyar a sa wa fayilolin JavaScript kalmar defer, don kada su tsare rubutu a bakin ƙofa. Na shida a bayyana a saman shafi cewa da tsarin UTF-8 aka rubuta shi, don haruffanmu masu lanƙwasa su fito daidai. Na ƙarshe, wanda ya fi duka, a gwada. Bayan shiƙa a buɗe shafin a taɓa kowane maɓalli a ga yana aiki. Sa'an nan a ari ƙaramar waya, a fita bayan gari inda sabis ke da sanda ɗaya ko biyu, a buɗe shi a can. Gani ya kori ji.

Ina kira ga malamanmu na kwamfuta, don Allah in an ba mu aikin gina shafi, a sa nauyinsa cikin abin da ake ba maki, kamar yadda malamin Hausa ke ba da maki a kan taƙaita labari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka saba tun yanzu da duba kilobayit, ba za mu manta ba ranar da aka ba mu babban aiki.

Ina kira ga shugabannin makarantu da ofisoshi da 'yan kasuwa masu ba da kwangilar gina shafi, kada ƙyalƙyali ya ruɗe ku. Ranar da aka kawo muku aiki, ku ce a buɗe shi a wayar masinja ko ta mai gadi, ku kuma tambayi mai aikin kilobayit nawa ne shafin farko. In ya kasa amsawa, aikinsa bai ƙare ba.

Iyayenmu kuma, in shafi ya ƙi buɗewa ku daina ɗora wa kanku laifi kuna cewa ku ne ba ku iya waya ba. Sau da yawa laifin na maginin ne. Ku faɗa a taron iyaye da malamai, domin in ba a faɗa ba, ba za a gyara ba.

Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, wasu daga cikinmu nan da 'yan shekaru su ne za su gina shafukan asibitoci da makarantu da kasuwannin ƙasar Daura. Mun fi injiniyan Legas ko na Amurka sanin yadda ake jiran shafi da data ta kwana ɗaya, kuma wannan sani jari ne a hannunmu. Mu yi aiki da shi, mu gina abin da mutumin Koza da na Bumbum zai buɗe ya karanta ya tafi harkarsa, datarsa da saura. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani.